Buhun yuriya na biyu ko man inji?

Ɗan Dakace:
Assalamu alaikum jama'ar zaure, ina neman shawarar manya. Ina da masarar rani eka ɗaya a bakin kogin Galma. Na shuka ta tsakiyar Fabrairu da sanyi ya ja baya, yanzu tana cikin sati na biyar, ta kai gwiwa. Na sa mata takin kamfa 20-10-10 buhu biyu tun kafin ta cika sati biyu. To ga shi ganyen ƙasa ya fara yin rawaya, kuɗin hannuna kuma ba za su yi min aiki biyu ba. Ko dai in sayi yuriya buhu biyu in rage ban ruwa ya koma sau ɗaya a kwana goma, ko in sayi buhu ɗaya in ajiye ragowar na man inji. Wanne ya fi?

Alhajin Saminaka:
Wa alaikumus salam. Sayi biyu ka huta. Masara ba dawa ba ce da za ka yi mata rowa ta yafe maka. Mu nan ƙasar Lere wanda duk ka ga ya cika mota da kaka, je ka ƙirga buhunan takin da ya zazzage. Ganye ya yi rawaya, ai ta gaya maka abin da take so da bakinta.

Baba na Hunkuyi:
Alhaji, kai ruwanka daga sama yake zuwa kyauta. Yaron nan da fetur yake sayen nasa. Kada ka ba manomin rani shawarar damina.

Alhajin Saminaka:
Allah ya ja da ran Baba. Ai masarar dai ɗaya ce, cikinta ɗaya ne, ko rani ko damina.

Malamin Gona:
Kafin a yanke hukunci, Ɗan Dakace amsa min abu uku. Rawayar daga ina take farawa a jikin ganyen, daga tsini ta bi tsakiya, ko gefe-gefe take ci? Wace tazara ka ba shukar? Sannan yaya kake ban ruwan yanzu, kuma ƙasar laka ce ko da yashi?

Ɗan Dakace:
Malam, daga tsinin ganye take farawa ta biyo jijiyar tsakiya, gefen yana nan kore. Na sama kuwa lafiya lau suke. Tazara 75 da 50 ce, biyu-biyu a rami. Ƙasar ta ƙasa-ƙasa laka ce, ta wajen tudu akwai yashi. Ruwa duk bayan kwana uku nake sakar mata, sai na ga ya kwanta tsakanin kunyoyi sosai nake kashe inji.

Malamin Gona:
Madalla. Alhaji ya yi gaskiya a abu ɗaya: wannan yunwar naitirojin ce. Idan shuka ta rasa shi, takan janye na tsofaffin ganye ta tura wa sababbi, shi ya sa na ƙasa ke fara rawaya daga tsini zuwa tsakiya. Da gefen ganyen ne ke ƙonewa, da mun ce fotash ne. Amma yunwa daban, yawan abin da za a ci daban. Mu yi lissafi.

Abin da aka daɗe ana ba manoman masara shawara a yankinmu shi ne kilo 120 na naitirojin a hekta guda, da kilo 60 na fosfet, da 60 na fotash. Hekta ta kusa eka biyu da rabi, ke nan eka ɗaya tana neman kilo 48 na naitirojin. Kamfa 20-10-10 kashi 20 cikin 100 nata naitirojin ne, buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 10, ka sa biyu, ka ba ta 20. Yuriya kashi 46 cikin 100 ce, buhu ɗaya kilo 23. Haɗa 20 da 23, ka samu 43. Tsakaninka da 48 saura kilo biyar kacal. Buhu na biyu zai kai ka 66 a eka, wato sama da 160 a hekta, a gonar da kake shirin rage wa ruwa daidai lokacin da ta fi buƙatarsa. Ni dai da gonata ce, buhu ɗaya zan saya.

Kuma ina zargin kai da kanka ka wanke wani ɓangare na kamfar da ka sa. Ruwan da ke kwanciya duk kwana uku a kan masara mai sati biyu, uku ya yi mata yawa. A wajen yashi yana tafiya da takin ƙasa inda saiwa ba ta kai ba, a wajen laka kuma idan ƙasa ta cika da ruwa ta rasa iska, naitirojin yakan koma iska ya tashi. Asara biyu: ka ƙona mai, ka kori taki.

Mai Shagon Taki Giwa:
Malam, haka za ka kashe mana kasuwa da rana tsaka? Mutum ya zo zai ɗauki biyu ka mayar da shi ɗaya.

Malamin Gona:
In ya ci riba bana, baɗi eka biyu zai yi, kai ne dai zai zo wa.

Alhajin Saminaka:
Lissafin takarda ke nan. Ni na sha ƙara taki a kan abin da kuke faɗa, kuma na ga bambanci a masussuka. Ba labari aka ba ni ba.

Malamin Gona:
Ban musa ba, Alhaji. Kai irin haɗi kake shukawa mai cin taki, a ƙasa mai nauyi, cikin damina da ruwa ke sauka daga Yuni har Satumba. A irin wannan hali ƙarin zai iya nunawa. Amma ko a gonarka, buhun farko shi ya fi kowane biya, na biyu ya biya ƙasa da haka, na uku ƙasa da na biyu, har a kai buhun da ba ya mayar da kuɗinsa. Inda wannan iyaka take kuwa ruwa ne ke sa ta. Saiwa ba ta cin taki a bushe, sai ya narke cikin danshi take zuƙarsa. Idan ƙasa ta bushe, taki na nan kwance a gindin shuka, ita kuma tana ramewa a kansa. In ya yi yawa ma ƙona ta yake yi, domin gishiri ne, janye ɗan ruwan da ya rage yake.

Ga abin da ya fi damuna da shirin kwana goma. Ya shuka tsakiyar Fabrairu. Iri mai matsakaicin zango yana fitar da fure wajen kwana 55 zuwa 60, ke nan tsakiyar Afrilu. Duk wanda ya zauna Zariya ya san me ake kira Afrilu kafin ruwan farko ya sauka.

Ɗalibar Samaru:
Malam, a ba ni dama in ɗora a kan wannan, don shi muka yi a gonar gwaji. Kowane silin gemun masara a haɗe yake da gurbin ƙwaya ɗaya a jikin totuwa. Sai garin furen sama ya faɗo kan silin nan sannan ƙwayar za ta samu. Silin da bai samu ba, gurbinsa fanko zai tashi. Matsalar ita ce furen sama ba ya jira. Yana fara zubar da gari, cikin kamar mako guda ya gama. Shi kuwa gemu kusan duk ruwa ne, da shuka ta ji ƙishi sai ya ƙi fitowa da wuri. Ya zo ya fito, gari ya ƙare. Zafin da ya haura digiri 35 kuma yana kashe garin kansa, musamman in iska ta bushe.

Shi ya sa ake cewa daga sati biyu kafin gemu ya fito zuwa sati biyu bayansa, nan ne masara ba ta yafe ƙishi. Kafin nan in ta sha wuya kaɗan tana farfaɗowa, har ma saiwarta ta ƙara nitsawa neman danshi. Amma ƙwayar da ba ta samu ba a wannan makon, ko tirelar yuriya aka juye daga baya ba za ta dawo ba.

Maman Walida:
'Yata Allah ya yi miki albarka, yau na gane dalilin abin da nake gani. Ni sarin ɗanyar masara nake yi, ina ba masu gashi a Kawo da Mando. Ka ga goyo a waje ƙato, ɓawo kore shar, ka sa farce ka yage gefe, sai ka tarar da ƙwayoyi jefi-jefi kamar bakin tsoho, kan kuma fari fat ba komai. Ta rani ta fi yin haka, musamman wadda ke shigowa farkon Mayu. Mai gashi ba ta karɓa, don mai saye da ido yake zaɓa a kan wayar gashi. Manomi ya yi ta rantsuwa ya sa taki, kuma gaskiyarsa ne, ga kara nan ya fi mutum tsawo. Ni kam yanzu ba na sayen gona a tsaye sai na shiga tsakiya na ɓare goyo a wurare daban-daban. Na bakin hanya ba ya faɗin gaskiya.

Baba na Hunkuyi:
Hajiya, a bar maganar bakin tsofaffi, muna zauren nan.

Maman Walida:
Tuba nake Baba, naka ai ƙalau yake.

Ɗan Dakace:
To Malam na ji. Amma in ba kwana uku ba, ba kwana goma ba, nawa ke nan? Kuma ta yaya zan san ta ƙoshi?

Malamin Gona:
Kalanda ba za ta gaya maka ba, ƙasar ce za ta gaya maka. Ɗauki fartanya ka tona kamar taƙi ɗaya a gefen kunya, ka damƙi ƙasar wurin. In ta dunƙule ta tsaya a tafin hannunka, da sauran danshi, bar injin ya huta. In ta wargaje da ka buɗe hannu, lokaci ya yi. In ruwa ya tsattsafo tsakanin yatsunka, ka wuce gona da iri. Sannan ka duba ganye da sassafe. Masarar da ta naɗe ganye da azahar a watan Afrilu kare kanta take yi, ba abin tsoro ba ne in ta ware da yamma. Wadda ka tarar a naɗe da hantsi kuwa, ta riga ta fara asara.

Gonarka ma gona biyu ce. Wajen yashi ba ya riƙe ruwa, yana son kaɗan-kaɗan a kai a kai. Wajen laka yana son a ba shi ya sha sosai a bar shi ya daɗe. In kana sakar masu ruwa rana ɗaya gwargwado ɗaya, dole ɗaya ya cutu. Raba su da ɗan bakin kunya. Yanzu da take gwiwa, laka za ta iya kai mako, yashi kwana huɗu ko biyar. Man da ka rage a waɗannan makonni shi za ka kashe daga lokacin da ka ga kan fure ya leƙo, nan ne za ka matso da ban ruwan kusa-kusa, kada ka bari ta naɗe ko sau ɗaya har ƙwaya ta cika da madara. Kuma ruwa ya ratsa ya wuce, kada ya kwana a gindinta.

Don ku san girman abin: hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta masara na shan milimita 500 zuwa 800 daga shuka zuwa girbi. Milimita ɗaya a hekta lita 10,000 ce. Ke nan mafi ƙaranci lita miliyan biyar a hekta, eka ɗaya wajen miliyan biyu, kuma duk ta bakin tiyo za su bi. Zariya na samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, shi ya sa manomin damina bai taɓa zama ya yi wannan lissafin ba.

Mai Shagon Taki Giwa:
Tunda an hana ni ciniki, bari in yi sadaka da ilimi. Buhu ɗayan ma a tabbata na gaske ne. Ɗebi cokali biyu ka zuba a kofin gilashi da ruwa ka motsa. Yuriya ta gaskiya narkewa take tas, kuma kofin zai yi sanyi a hannunka. In ka ga wani abu ya kwanta a ƙasa, an yi mata haɗi. Ka duba ɗinkin bakin buhu, in an farke an sake ɗinkewa za ka gani. A ƙasar nan ake yin yuriya, Indorama a Eleme, Notore a Onne, ga ta Dangote a Legas da aka buɗe a 2022, amma tsakanin masana'anta da ƙauye hannu da yawa ne.

Baba na Hunkuyi:
Allah sarki lokacin da gwamnati ta kawo kamfa 20-10-10 a kan naira 5,500, wajen 2017. Muna ta ƙorafi a lokacin wai ya yi tsada.

Alhajin Saminaka:
Baba kar ka tayar mana da tsohon miki. Malam, sai maganar sawa. Na san za ka ce a binne. Mai eka ɗaya zai iya. Ni da nake da gona mai faɗi, in na ce a tona rami a gindin kowace shuka, kuɗin 'yan ƙwadago sai ya kusa na takin. Mu hadari muke jira, da ya haɗu yara su bi layi suna ajiyewa a gindi, ruwa ya sauko ya shigar da shi.

Malamin Gona:
In ruwan ya sauko a daren, kuma madaidaici ne, dabararka ta yi. Caca ce dai. In hadarin ya watse, yuriya ta kwana biyu, uku a kan ƙasa mai ɗan danshi cikin rana, tana juyewa iskar amoniya ta tashi. Wanda ya taɓa shiga gona bayan an watsa ta ya ji wani wari mai hawa hanci, to kuɗinsa ne yake shaƙa. In kuma ruwan ya zo da ƙarfi, ya kwashe ta zuwa kwari. Ga hanya ta tsakiya da manya da yawa ke bi: a ajiye takin a gindi, shanun huɗa ko masu fartanya su biyo baya nan take su rufe. Aiki ɗaya ya zama biyu, an yi maimai an binne taki.

Shi Ɗan Dakace ba shi da uzuri, ruwansa a hannunsa yake. Da tazarar 75 da 50 yana da rami wajen 10,800 a eka. Raba kilo 50 a kansu, kowane rami ya tashi da giram huɗu da rabi zuwa biyar, kusan cikin murfin kwalbar lemo. Ya yi ban ruwa yau, gobe ko jibi da ƙasa ta sha iska ya soka tsinke nesa da kara kamar faɗin yatsu huɗu, zurfin ɗan yatsa, ya zuba ya taka. Kada ta taɓa kara, kada ta faɗa cikin kan shuka. Ruwan da zai biyo baya ya zama marar yawa. Kuma ya yi a makon nan, domin daga gwiwa zuwa fitar fure ne masara ke kwasar mafi yawan naitirojin ɗinta, a nan ne kuma take yanke girman goyon da za ta yi.

Ɗan Kauru:
Gaisuwa ga manya. Namu a kudu daban ne kaɗan. Ruwanmu ya fi na Zariya yawa kuma yana riga sauka, gonakinmu da yawa a gangare suke. Matsalarmu ba ƙishi ba ce, wankewa ce. In ka zuba yuriyarka duka rana ɗaya aka yi marka ta Agusta a kai, sai dai ka bi ta rafi. Abin da muke yi, mu raba ta biyu, rabi tana gwiwa, rabi dab da fure. Kuma duk inda ruwa ke kwanciya a gona, ko me ka zuba masarar wurin gajera ce rawaya. Magudana ta fi taki amfani a irin wurin.

Malamin Gona:
Daidai ne, kuma Ɗan Dakace zai iya aron wannan a ɓangaren yashi: rabin murfi yanzu, rabi bayan sati biyu. Wajen laka ya ba shi duka lokaci ɗaya.

Baba na Hunkuyi:
Duk kun yi magana, ba wanda ya ambaci takin gida. Gonar da ta sha kashin shanu ko na kaji tana riƙe danshi fiye da wadda ba ta sha ba, na zamanin ma ya fi zama a cikinta. Mu da muka taso, Fulani ake roƙo su sauka a gona da rani. Yanzu an bar ƙasa ba komai sai gishirin buhu shekara da shekaru, ta mutu, wuta-wuta ta cinye ta, ana cewa iri ne ba kyau.

Ɗalibar Samaru:
Gaskiya ne Baba, wuta-wuta ta fi ƙarfi a ƙasar da naitirojin ya ƙare. Shi ya sa ake son a riƙa juya masara da waken suya ko gyaɗa, kuma akwai iri irin su SAMMAZ 15 da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar masu jure mata. Sai dai kashin kaji ɗanye yana ƙona shuka, a bari ya ruɓe tukuna, kuma kafin shuka ake sa shi. Na Yaya Ɗan Dakace ya wuce wannan matakin bana.

Ɗan Dakace:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Buhu ɗaya zan ɗauka, in raba gonar biyu kamar yadda Malam ya ce. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ban ruwa ya zama abin da ya zama, ina ta tunanin injin sola amma kuɗin farko ne ya gagara.

Alhajin Saminaka:
Ni dai har yanzu ban sauka daga kan bakana ba. Tunda ruwan zai wadata yanzu, ƙarin taki zai nuna, ku rubuta ku ajiye. Ga shawara: ware kunya huɗu ka ninka masu yuriya, sauran ka bi na Malam, ranar girbi a zo zauren nan da hoto. Takin kunya huɗun ni zan bayar, tiya ɗaya ta isa, ka turo min saƙo ta gefe in ba direba ya sauke maka a Zariya.

Malamin Gona:
Na yarda, da sharaɗi. Kunyoyin su kasance a tsakiyar gona, ba bakin hanyar ruwa ba, ba gefe ba, kuma a ƙasa iri ɗaya da waɗanda za a gwada su da su. Ruwa ɗaya, rana ɗaya. Kuma ba hoton ganye za a kawo mana ba, na san naka zai fi duhu. In busarwa zai yi, a sussuke kunya huɗu nan da huɗu can a auna a sikeli, a cire kuɗin tiyar daga ribar.

Maman Walida:
In kuma ɗanya zai sayar, ku bar min alƙalancin. Sati uku bayan gemu ya fito a kira ni, zan zo da buhuna in ƙirga goyon da masu gashi za su karɓa a kowane ɓangare. Kuɗin mota dai Alhaji ne zai biya.